Sharhi kan ajin falsafar ɗabi'a na ranar Asabar a Jos

Ajin yana zama ne a wani ɗakin karatu da ke kusa da Terminus, mako shida, awa biyu kowace Asabar. Tambaya ɗaya ake bi har a gama: wa ya fi adalci, masu cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, don haka kyau da muni al'ada ce ke yanke su, ko masu cewa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata?

Malami yana bayani na minti 40, sannan a raba ɗalibai biyar-biyar, a ba kowane rukuni ɓangaren da bai yarda da shi ba ya kare. A gari irin Jos, inda Musulmi da Kirista ke zaune a benci ɗaya, wannan dabara ce ke hana muhawara komawa wa'azi. Ranar da aka bar kowa ya kare nasa, hayaniya ce kawai.

Mako biyun farko su ne gwanin ajin. Ana farawa da labarin Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka: Sarki Dariyus na Farisa ya tara Girkawa masu ƙona gawar iyayensu da wasu mutanen Indiya masu cin ta, kowanne ya ji al'adar ɗan'uwansa abin ƙyama ce. Daga nan malamin yake raba magana uku da ake yawan cakuɗawa: cewa al'adu sun bambanta, cewa babu ma'aunin da ya fi ƙarfin al'ada, da cewa bai kamata a tsoma baki a al'adar wasu ba. Ta farko ba ta haifar da ta biyu. Ta uku kuwa doka ce da ake so ta hau kan kowa, wato mai ra'ayin ya ari abin da yake musantawa. Ana gwada ra'ayin da kisan tagwaye da Mary Slessor, 'yar mishan daga Scotland, ta tarar a yankin Kalaba bayan zuwanta a 1876. Idan al'ada ce alƙali, uwar da ta ɓoye 'ya'yanta ita ce mai laifi, kuma a nan yawancin ɗalibai ke yin shiru.

Raunin ajin yana mako na huɗu. Kant, masanin falsafa ɗan Jamus, kaɗai aka tsayar wa ɓangaren masu cewa gaskiya ɗaya ce, da matsayarsa ta 1797 cewa ko mai kisa ya zo ƙofa yana neman abokinka, ba ka da damar yi masa ƙarya. Wannan ba adalci ba ne, domin an zaɓi mafi tsauri don a kayar da shi cikin sauƙi. Hadisi ya yi rangwame kan ƙarya wajen sulhu tsakanin mutane, fiƙihu kuma yana da ƙa'idar cewa al'ada abar hukunci ce, ba tare da an ce zalunci ya halatta a wani gari ba. Saɓanin Mu'utazilawa da Ash'arawa, mazhabobi biyu na aƙidar Musulunci, kan ko hankali na iya gane kyau da muni kafin zuwan shari'a, wanda ya isa cika mako guda, minti goma aka ba shi.

Takardun karatu da Turanci suke, bayani da Hausa, kuma ba a tsayar da fassarar kalmomi ba, sai ka ji "ɗabi'a" tana nufin hali yau, gobe al'ada. Wanda zai shiga ya nemi takardun tun mako guda kafin a fara, ya kuma zo da rigar sanyi idan zangon hunturu ne, tagogin ɗakin ba sa rufuwa.