Murfin tankin dizal mai makulli: abin da ya hana da abin da ya gagare shi

Na sanya murfi mai makulli a tankunan motocin DAF guda biyu da nake kula da su, waɗanda suke jigilar hatsi daga kasuwar Dawanau ta Kano zuwa Legas, kuma tun da sun yi rani da damina da shi, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi yadda na same shi. Dalilin sayensa a bayyane yake, domin man dizal ya daɗe ba shi da tallafin gwamnati, kuma a shekarar 2023 lita ɗaya ta haura naira 1,000 a wurare da dama, ta yadda cikakken tanki mai cin lita 400 ya zama dukiya mai yawa rataye a gefen mota, inda hannun kowa yake kaiwa.

Wanda na saya na ƙarfe ne, mai makulli biyu da ɗan marfin roba da yake rufe ramin makullin, kuma idan an kulle shi saman ne kawai yake juyawa ba tare da ya kwance ba. Ɗaura shi bai buƙaci bakanike ba, amma wajibi ne mai saye ya tafi da tsohon murfinsa a gwada faɗin baki da yanayin haƙora, saboda ba duk tankuna ne bakinsu ya zo ɗaya ba.

A kan ɓarawon da yake yawo da tiyo da jarka, murfin ya yi aikinsa. Irin wannan satar ta fi faruwa ne a wuraren kwanan manyan motoci kamar Mararrabar Jos da Tafa da Ogere, inda motoci suke jeruwa cikin duhu, direba ya kwanta a gadon bayan kujera, yaron mota kuma barci ya sace shi a ƙarƙashin bodi. Mai tiyo yana buƙatar 'yan mintuna ne kawai da rashin ƙara, kuma da zarar ya taɓa murfi ya ji yana juyawa a banza, sai ya wuce motar gaba. Tun da aka ɗaura shi direbobina ba su sake wayar gari sun tarar da murfi a ƙasa da ɗigon mai a kan tanki ba.

Sai dai wanda ya zo da shiri ba ta baki yake bi ba. Tankuna da yawa suna da notin tsiyaye mai a ƙasa, wanda sifana ɗaya ta isa ta kwance shi, akwai kuma wurin da na'urar auna mai take shiga ta sama, ga bututun da yake mayar da ragowar mai daga inji zuwa tanki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da murfin ya tsare. Mun taɓa samun mota ɗaya da murfinta a kulle lafiya lau, amma ƙasan tankin ya jiƙe sharkaf, notin kuma an mayar da shi a karkace har ya ci haƙoran. Kuɗin da mai walda ya karɓa kafin ya gyara wurin, kasancewar tankin na alminiyam ne, ya ninka kuɗin murfin, ban da yinin da motar ta yi a tsaye da kayan mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙura. Da hunturu ya kama, ramin makullin ya riƙa cushewa, musamman bayan ɗan marfin robar ya tsinke, har direba ya kan tsaya a gidan mai yana ta jijjiga makulli ana jiransa a layi. Haka kuma dole ne a tabbatar tankin yana da hanyar shaƙar iska, ko dai a jikin murfin ko ta wani bututu daban, domin idan babu, mai ba zai riƙa tafiya yadda ya kamata ba, inji ya dinga shaƙewa a kan hanya.

Akwai kuma asarar da makulli ba shi da ta cewa a kanta, wato wadda take fitowa daga hannun mai riƙe da makullin. Ba ina zargin direbobi a dunƙule ba ne, domin akasarinsu mutane ne masu amana da suke kwana a titi saboda iyalinsu, amma kowa a wannan sana'a ya san 'yan bumburutun da suke bakin hanya ba daga sama suke samun dizal ba. Maganin wannan shi ne rubuta litar da aka zuba da nisan da aka yi a kowace tafiya, a riƙa kwatantawa.

Zan sake sayen murfin, amma ba shi kaɗai ba. A yanzu na haɗa shi da ragar ƙarfe da ake sakawa a wuyan tanki don hana tiyo kaiwa ga mai, na sa an yi wa notin ƙasa kariya, makulli na biyu kuma yana ajiye a ofis.