Kafin ka sayi tirelar kwana don a-kori-kura: wace lamba ce ke yanke hukunci?

A Amurka ba wuya ka ga Toyota Tacoma ko Ford Ranger tana janye da ɗakin nan mai taya, wanda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki. Waɗannan motoci sa'o'in Hilux ne a girma, kuma talla kan nuna suna jan kaya mai yawa. Chevrolet Colorado da GMC Canyon na 2023 zuwa sama suna kaiwa laba 7,700, wato kusan kilo 3,500. Jeep Gladiator ma haka, idan an haɗa mata kayan ja na musamman. Ranger tana tsayawa a 7,500, Tacoma ta 2024 a 6,500, Honda Ridgeline kuwa 5,000. Duk wannan shi ne iyakar samfurin da ya fi ƙarfi a kowace kira, ba lallai ne wadda ke gabanka a wurin dillali ba. Samfuran shiga daji, duk da kwarjininsu, sun fi rauni a nan: Colorado ZR2 laba 6,000 take ja, Ranger Raptor kuma ba ta kai haka ba, saboda sifirin ɗinsu mai laushi ne.

Amma ba wannan lambar ce ke fara cika ba. Buɗe ƙofar direba, za ka ga takarda manne a jikin ginshiƙi da ke faɗin iyakar nauyin mutane da kayan da wannan motar za ta ɗauka. A irin waɗannan motoci masu ƙofa huɗu, galibi tsakanin laba 1,000 ne da 1,600. Cikin wannan ɗan kason ne nauyin wuyan tirela ke shiga, wato abin da take dannawa a kan ƙugiyar motar, wanda ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta gaba ɗaya.

Ga lissafi a matsayin misali. Talla ta ce motar na jan 6,500, takardar ƙofa kuma ta ce 1,200. Tirelar da ka yi sha'awa idan an cika ta tana kai 4,500, kashi 13 nata shi ne 585. Ƙugiya mai rarraba nauyi, wadda ke mayar da wani nauyin kan tayoyin gaba, ta ci kamar 80. Maigida da uwargida da yara biyu, a ce 500. Jimilla 1,165. Saura laba 35, wadda ba ta isa ko kular ruwa cike da ƙanƙara ba, alhali kana da ragowar laba dubu biyu a abin da talla ta ce motar na iya ja. Shi ya sa a wurin zaɓe, mota mai jan 6,500 da takardar ƙofa 1,500 ta fi mai jan 7,700 da takarda 1,100 amfani ga mai iyali.

Wani tarkon dillalai kuma shi ne nauyin tirela babu kaya. Wannan adadi sau da yawa bai haɗa da batir da gas da ruwa ba. Tukunyar gas mai laba 20 tana kai kusan 37 idan an cika, kuma ita da batir a kan wuya suke zama, daidai inda ba ka son ƙari. Galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne, tankin galan 30 ke nan laba 250. Yi lissafinka da lambar GVWR da ke jikin tirelar, ita ce iyakar nauyinta da kaya.

A ɓangaren tirelolin, ƙarama mai siffar ɗigon hawaye da mai naɗewa kamar tanti ba su da wata damuwa: yawanci ba sa wuce laba 3,000, suna ɓuya a bayan motar, iska ba ta dukansu. Illarsu ita ce ƙunci, da rashin banɗaki a mafi yawansu. Mai aksul ɗaya (sandar da tayoyi ke kai), tsawon ƙafa 16 zuwa 20, ita ce ta dace da waɗannan motoci, sai dai ka duba kayan da aka yarje mata, don wasu da zarar an cika ruwa sun kusa iyaka, kuma idan taya ta fashe babu ta biyu da za ta riƙe. Mai aksul biyu ta fi natsuwa a hanya, amma daga ƙafa 24 zuwa sama ta fara fin ƙarfin motar. Tsawo da faɗin gaba suna mayar da ita kamar bango, babbar mota na wuce ka za ka ji ta ture ka gefe sannan ta jawo ka. Tirela mai faɗin ƙafa 7 ta fi mai 8 sauƙi, wajen shan mai da wajen gani ta madubi.

Ƙugiya zalla ta isa ga ƙananan. Idan wuya ya kai laba 400 zuwa 500, bayan motar zai zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta koma haska sama. A nan ake buƙatar mai rarraba nauyi, wato mai sanduna biyu da ke mayar da wani nauyin kan tayoyin gaba, kuma gara wadda ke da maganin lilo a jikinta. Ba ta ƙara wa motar ko laba ɗaya na iyakarta, kuma sai ka duba littafin motar da na tirelar, don ba kowace firam ce ke karɓarta ba. Lilo kuwa yawanci daga lodi yake: kaya masu nauyi a bayan aksul suna sauƙaƙa wuya ƙasa da kashi 10, sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya da zarar gudu ya ƙaru. Idan ta fara, kada ka taka birkin mota da ƙarfi. Saki totur, riƙe sitiyari miƙe, ka matsa madannin birkin tirela da hannu.

Wannan madanni yana jikin na'urar sarrafa birki, wadda ba kowace mota ke zuwa da ita ba ko da tana da soket mai fil 7 na haɗa wutar tirela. Sayi irin da ke auna ƙarfin tsayawar motar ta ba tirela daidai gwargwado. Mai jinkirin lokaci ta fi araha, amma fizga take yi a cunkoso.

Mai shirin hawa duwatsun jihar Colorado ya bar rata: Ford na ba da shawarar rage kashi 2 na jimillar nauyin mota da tirela a kowace ƙafa 1,000 ta tsayi. A gangara, sauka da giya, birki na taimako ne kawai.

Bayan saye, loda komai kamar ranar tafiya, da mutane da ruwa, ka je sikelin CAT da ke tashoshin manyan motoci. Auna sau ɗaya da tirela, sau ɗaya motar ita kaɗai. Kwatanta nauyin aksul ɗin baya da lambar GAWR da ke jikin ƙofa, wato iyakar nauyin da aksul zai ɗauka, don a waɗannan motoci ita ce kan riga sauran tsallake iyaka.