Gidan kallon da ya kunna mana zari-ruga a Mabera

Gidan kallo uku na zaga a Sakkwato ina neman inda za a nuna min wasan zari-ruga na ranar Asabar, 26 ga Yuli, 2025. Biyu suka ce su ƙwallon ƙafa kaɗai suka sani. Na ukun, wata rumfar kwano a Mabera, mai shi dattijo ne. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, wanga wasa da hannu aka yin shi ko da ƙahwa?” Na ce, “Baba, da duka biyun.” Ya ce in kawo kuɗin mai lita biyu, zai tayar da janareta.

Maro Itoje, ɗan wasan zari-ruga, shi ne ya kai ni. A jihar Delta na yi bautar ƙasa, can na fara jin sunansa, don iyayensa 'yan Najeriya ne, ko da yake a Landan aka haife shi a 1994. Ƙungiyar Saracens yake wa wasa tun yana matashi, ya ci kofin zakarun Turai da ita a 2016 da 2017 da 2019. Ya fara buga wa Ingila a 2016, ya kuma yi digiri a fannin siyasa a jami'ar SOAS da ke Landan. A 2025 aka ba shi kyaftin ɗin Ingila, sannan na Lions, tawagar da ake tsamo wa 'yan wasa daga Ingila da Ireland da Scotland da Wales. Shi ne baƙar fata na farko da ya jagorance ta. Karawarsu ta biyu da Ostireliya a Melbourne ita nake so in gani da idona.

Ƙarfe 11 na safe aka take, mu huɗu a kan benci. Talabijin ɗin babba ce, hoto tangaran, bai yanke ko sau ɗaya ba duk da hadarin da ya haɗo. Lasifikar ce matsala: tana kaɗawa, ga ƙarar janareta a bayan kunne, da ƙyar nake jin alƙalin wasa. Fanka ɗaya ce kawai ke aiki, kuma kowa ya san rumfar kwano a garin nan idan rana ta take.

Abin da ya fi burge ni shi ne Baba bai tafi harkarsa ba. Ya jawo kujera kusa da ni yana tambaya. Da aka jefo ƙwallo daga gefe, mutum biyu suka kama cinyoyin Itoje suka ɗaga shi sama ya cafke ta, Baba ya dafa kafaɗata ya ce, “Wanga ƙato aka ɗagawa haka?” Ostireliya ta yi gaba da ci 23 da 5, jikina ya yi sanyi. Lions suka dinga ramawa, har ɗan wasansu Hugo Keenan ya dire ƙwallo bayan layi ana dab da tashi, suka yi nasara da ci 29 da 26. Yaran da suka leƙo daga waje sun kai goma a lokacin.

Da zan fita na ƙara masa naira 500, ya mayar min. Duk mai son kallon wasan da ba ƙwallon ƙafa ba, ya je ya same shi kwana ɗaya kafin ranar, ya kuma zauna a bencin gaba, nesa da janareta.