Duck Stamp na dala 25, ya cancanci kuɗinsa kuwa?

Masu tambaya ta kan wannan ɗan kan sarkin da ake ce wa Duck Stamp a Amurka, amsata a taƙaice ita ce eh ku saya, amma don Allah kar wani ya ɗauka da shi kaɗai zai saɓi bindiga ya faɗa daji, ba haka abin yake ba.

Gwamnatin tarayya ce ke fitar da shi tun 1934, lokacin dala 1 ne, tun 2015 kuma ya koma dala 25. Duk wanda ya kai shekara 16 yana son harbin agwagi ko dinya dole ya mallake shi, kuma in na takarda ne sai ka rattaba hannu a kan fuskarsa kafin ya yi aiki. Yana fara aiki 1 ga Yuli ya mutu 30 ga Yuni, ana samu a gidan waya da shagunan kayan farauta, ko ka saya ta intanet ka ajiye a wayarka.

Abin da ya sa nake yabonsa shi ne inda kuɗin ke tafiya, kusan kashi 98 cikin 100 fadamu da dausayi ake saya ko a karɓi hayarsu a ƙara cikin gandayen namun daji na ƙasa, waɗanda suka fara da Pelican Island a Florida a 1903 zamanin shugaba Theodore Roosevelt, yanzu kuma sun haura 570. Wato maharbin da ke ɗaukar agwagwa shi ne ke biya wa jikokinta wurin ƙyanƙyasa, wallahi ni wannan tsarin yana burge ni matuƙa. Sannan ko ba ka farauta sam, ɗan fatsa ne kai ko mai kallon tsuntsaye, da shi za ka shiga kyauta duk gandun da ake biyan kuɗin ƙofa, irin su Chincoteague a Virginia inda mutane ke jefa fatsa a bakin teku ko Blackwater a Maryland, in kana yawan zuwa ai kafin shekara ta zagayo ya fanshi kansa.

To inda gizo ke saƙar, sitam ɗin ba lasin ba ne. Sai ka nemi lasin farauta na jihar da kake, wasu jihohin ma suna da nasu sitam daban, ga rajistar maharban tsuntsaye masu ƙaura, ga shi kowane gandu da nasa dokokin, wani sai ka ciro takardar izini, wani ma ƙuri'a ake jefawa kan wanda zai samu wurin laɓewa, wani kuma ba a farauta a cikinsa kwata-kwata. Kamun kifi ma lasin jiha yake buƙata, sitam ɗin ba ruwansa da wannan. Gaskiya takardun sun yi yawa ga sabon shiga, kuma na fi son a ce an haɗe su wuri guda, don mutum na iya karya doka da zuciya ɗaya.

Akwai kuma dokar harsashi, tun 1991 an hana harbin tsuntsayen ruwa da na dalma saboda suna tsintar ƙwayoyin a cikin laka su haɗiye gubar ta kashe su, sai na ƙarfe ko makamancinsa, kuma bindigarka kar ta ɗauki fiye da harsashi 3. Ni wannan ban ga laifinta ba ko kaɗan duk da na ƙarfen yakan fi tsada.

Tauraro 4 cikin 5 na ba shi, ɗayan na cire ne saboda tarin takardun nan. Kafin ka fita dai ka buɗe shafin gandun da za ka je ka karanta dokokinsa na bana, suna canzawa.