Master of Puppets ko Black Album: wanne ne thrash na gaske?

Ɗan'uwa da ka tambaya wanne za ka fara ji cikin albam biyun nan na Metallica, ƙungiyar nan ta Amurka mai kiɗan metal (kiɗan jita da ganga mai ƙarfi), don kana so ka san salon da ake kira thrash, da kuma me ya sa tsofaffin masoyansu ke jin haushin na biyun alhali shi ya fi ciniki, to ga yadda nake ganin abin.

Master of Puppets ya fito a watan Maris na 1986, a Kopenhagen ta ƙasar Denmak aka ɗauke shi, Flemming Rasmussen ne ya yi musu aikin sitidiyo. Waƙoƙi 8 ne kacal amma sun kusa cinye awa guda, uku daga ciki kowacce ta wuce minti takwas, kuma salon kiɗan ba ya zama wuri ɗaya, yanzu ana gudu kamar za a fasa ganga can sai a sassauta a shigo da jita mai taushi sannan a koma gudun, wannan shi ne thrash ɗin da kake tambaya. Maganganun ciki ma masu nauyi ne wallahi, waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta kan shaye-shaye take, yadda ƙwaya ke juya mutum, akwai wata kan yaran da ake turawa yaƙi su mutu a banza, akwai Orion wadda babu murya ko ɗaya sai kiɗa zalla, a nan za ka ji abin da Cliff Burton, ɗan ƙungiyar, ya iya da jitar bes. Shi kuma wannan ne albam ɗinsa na ƙarshe, don a watan Satumba na shekarar motar da ke ɗauke da su ta kife a Suwidin ya rasu yana ɗan shekara 24.

Karɓuwarsa fa? Ba su yi masa bidiyo ba, gidajen rediyo ma ba su cika sa shi ba, amma ya kai lamba 29 a jerin Billboard na Amurka, yawon wasa da suka bi fitaccen mawaƙin metal Ozzy Osbourne da kuma bakin masoya su suka tallata shi. Daga baya Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin faya-fayen da ake adanawa don tarihi, shi ne na farko daga ɓangaren metal.

Shi kuwa Black Album, ainihin sunansa Metallica, baƙin bangonsa ne ya jawo masa laƙabin. Ya fito a Agustan 1991, a Los Anjeles aka yi aikinsa da furodusa Bob Rock, wanda kafin nan ya yi wa Mötley Crüe aiki, wata ƙungiya mai salon da ya fi saukin shiga kasuwa, to tun daga nan wasu suka fara ɗaure fuska. Waƙoƙi 12, sun gajarta, gudun ya ragu sosai, an koma kiɗa mai nauyi da ake takawa a hankali da amshi mai saurin shiga kai, har da waƙar soyayya mai goge a bayanta, abin da mai son thrash na 1986 bai taɓa zaton zai ji daga bakin mawaƙinsu James Hetfield ba. Kasuwa kuma ta buɗe, ya hau lamba 1 a Amurka da Ingila, ya ci Grammy, a Amurka kaɗai an sayar da sama da kwafi miliyan 16.

To nan ne rigimar take. Masu cewa sun sayar da kansu don kuɗi ina fahimtar zafinsu, mutane ne da suka riƙe ƙungiyar tun ana musayar kaset hannu da hannu, rana ɗaya suka ga abin nasu ya zama na kowa. Amma ni ban yarda da zargin ba, domin albam ɗin da ke tsakani, na 1988, sun ja waƙoƙin sun murɗa su har su kansu sun gaji da buga su a dandali, ga bes ɗin Jason Newsted, wanda ya maye gurbin Burton, da kusan ba a ji kwata-kwata. Ina za su ƙara nufa bayan nan? Dole su sauƙaƙa, kuma ta fuskar tsabtar sauti gaskiya Black Album ya fi, gangar Lars Ulrich ta fito da kauri, bes ɗin ma an ji shi.

Sai dai kai thrash ka ce kana so ka sani, kuma Black Album heavy metal ne mai kyau amma ya riga ya bar thrash a baya. Don haka ka fara da Master of Puppets, ka sa abin kunne ka ji shi daga farko har ƙarshe ba tsallake, ko karon farko ya yi maka hayaniya ka sake ba shi dama, sai ka bi da na 1991 ɗin ka ji da kunnenka abin da aka rage da abin da aka ƙara.