Lasifikar kunne ta gwada kanta a kidan kwanchato

Jama'a wannan lasifikar kunne mai waya da na saya a wani shagon kayan waya nan wajen Kofar Kaura, gaskiya ta burge ni. Ni ba da wakar rawa nake gwada kaya ba, kwanchato nake sa mata, wato kidan Turai da ake ware makadi guda, mai goge ko mai fiyano, ya rika kai da komo da babbar tawagar makada, kamar dai mai kukuma da 'yan amshinsa.

Na sa mata na Vivaldi dan Italiya, kwanchato hudun nan na yanayin shekara da aka wallafa a 1725. Kowane kwanchato yawanci kashi 3 ne, na farko da sauri shi ne allegro, na tsakiya a hankali irin su adagio ko largo, sai na karshe ya koma gudu. To a na tsakiyan nan ake kure kaya, don sauti yana yin kasa sosai, amma wallahi har jan bakan gogen kana ji, kuma da tawaga ta taso gaba daya da karfi, abin da suke kira forte, ba ta yi kara ba ba ta cakuda su ba, kowane yana wurinsa.

Inda ta rage min, bas dinta ba nauyi, manyan gogen nan masu kaurin murya sai ka kasa kunne. Wayar ma siririya ce, a lallaba ta.

Mai shagon kuwa mutumin kirki, ya ce Malam zauna ka ji tukuna kafin ka biya.