Hunturu uku da hitar lantarki a fulat ɗina na Leeds

Salamu alaikum 'yan uwa. Wani ƙanina da yake neman fulat a nan Ingila ya tambayeni ko ya sayi wanda babu gas a ciki, sai hitar lantarki kawai, shine nace bari in faɗi abinda na gani da idona tunda hunturu uku kenan ina cikin irinsa.

Ranar da muka je duba gidan watan Yuni ne, rana ta fito, ajent yana ta nuna mana taga da kicin, wallahi ko kallon farin akwatin nan dake manne a bangon falo banyi ba. Ashe shine maganar gaba ɗaya. Storage heater suke ce masa, cikinsa bulo ne jere, da dare yake jan wuta ya gasa bulon sannan da rana ya riƙa sakin ɗumin a hankali. Tsarin mitar kuma Economy 7, wato awa 7 na dare wuta tana da sauƙi, sauran lokacin kuɗin yafi na mita gama-gari.

Abinda na ji daɗinsa ba zan ɓoye ba. Babu boila, wato na'urar gas mai ɗumama gida, balle a kira mai gyara duk shekara, babu tsoron gas ya zuba ko iskar nan mai kisa da ba'a jin warinta, kuma kuɗin da ake cira kullum na layin gas ko kayi amfani ko bakayi ba, mu babu ruwanmu dashi. Hunturu uku ko sau ɗaya bai lalace ba. In na tashi sallar asuba falon nan ɗumi kamar an kwana da kaskon wuta, yara suna shirin makaranta babu mai rawar ɗari.

To amma ɗumin baya zuwa lokacin da kake nemansa, nan ne abin yake min ciwo. Ni da uwargida duk muna fita aiki, hitar ta yini tana ɗumama kujeru babu kowa, a Disamba kuma kafin ƙarfe huɗu anyi magariba, mu dawo wajen shida a gajiye in ɗora hannu a kanta inji saura ɗan kaɗan kamar shayin da aka manta. Dole a jona ƙaramar hita ta soket, ita kuwa a farashin rana take sha, kana zaune kana kallon kuɗi yana hawa a allon mita. Gashi sai ka zama mai duban yanayi, yau da dare zaka murɗa maɓallin input, wanda yake ƙayyade yawan wutar da hitar zata ja, saboda sanyin gobe, in ka rage kuma gari ya waye da ƙanƙara shikenan sai haƙuri. Sai a hunturu na biyu wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Allah ya saka mata, ta nuna min in riƙa mayar da output, wato maɓallin sakin ɗumi, ƙasa kafin in fita in buɗe da yamma. Ya taimaka sosai amma bai kai mu goma na dare ba.

Kuɗi kuwa, a Oktoban 2022 yunit ɗin lantarki ya kai wajen kwabo 34 na kuɗin Ingila, na gas wajen 10, kaga ya ninka sau uku da ɗoriya. Fam 400 da gwamnati ta ragewa kowane gida a wannan hunturun ya ɗan sa mun numfasa, duk da haka abokina mai gas da ɗaki uku bai biya abinda na biya ba. Da muka fara tsumulmular kunnawa sai baƙin danshi ya fito bayan wadirof, rigunan shadda biyu na uwargida suka yi wari, ranar raina ya ɓaci ƙwarai.

Na nemi a jawo gas aka ce ginin gaba ɗaya bashi da layi, kuma fulat ne na haya mai dogon zango, komai sai da izinin mai ginin. Shi yasa nace wa ƙanin nawa ya karɓi takardar EPC, wadda take nuna yadda gida yake cin makamashi, ya duba, ya roƙi bil ɗin Janairu na wanda yake ciki, ya tambayi shekarun hitar. Matarsa tana yini a gida da jariri, nasu fulat ɗin kuma na tsakiya ne da maƙwabta sama da ƙasa, don haka shi nace masa zai iya saya. Ni dai ina tara kuɗin sabuwar hita mai agogo da fanka kafin Nuwamba in Allah ya yarda.